Lauratu Mai Ƙuli Ta Koma Aji

A Tudun Wadan Zariya, in ka tambayi gidan Malam Yusha'u na gidan waya, za a iya tsayawa ana tunani. Amma in ka ce gidan Lauratu mai ƙuli, nan take za a nuna maka lungun, a ce ka bi ƙamshin suyar gyaɗa har ka kai ƙofa mai shuɗin fenti. Malam Yusha'u bai taɓa jin haushin wannan ba. Yakan ce shekara talatin da biyar ya yi yana kai wa mutane wasiƙa har gida, ga shi yanzu shi kansa sai da sunan matarsa ake gane nasa gidan.

Lauratu 'yar Malam Kailani mai maɗaba'a ce, wanda ya yi zamani yana buga katin biki da kalanda da takardun jarrabawar makarantu a wani shago kusa da kasuwa. Mutum takwas ke ci a ƙarƙashinsa. Komai na maɗaba'ar a kansa yake: inda ake samun takarda mai kyau, yadda ake lallaɓa tsohon injin in ya ƙi tashi, wanda za a amince wa da wanda za a yi wa uzuri. Ya rasu tana aji huɗu a sakandare. Ba a yi wata shida ba aka rufe shagon. Tana tsaye a bakin titi da kayan makaranta ranar da 'yan gwangwan suka zo suka kwance injin gunduwa-gunduwa suka loda a amalanke. Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dai koma gida ta kasa cin abinci.

Ta yi digirinta a fannin tattalin gida, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta kuma koyar shekara goma sha ɗaya a wata makarantar 'yan mata a Gyallesu. Ƙuli-ƙulin ma da wasa ya fara. Takan yi na gida, ta ɗan zuba citta da barkono da wasu abubuwa irin na kakarta, ta tafi da shi ofishin malamai a leda. Yau wannan ta ce a yi mata na suna, gobe waccan ta ce za ta aika wa ɗanta a Legas. Da abin ya fi ƙarfin hannu biyu sai ta kira Inna Atika, wata dattijuwa maƙwabciyarta da ta iya suya, ta zo tana taya ta. Daga Inna Atika aka samu Zinariya, daga Zinariya aka samu Rauda, har suka kai mata tara. Aka rufe bayan gidan da kwano, aka sayi injin niƙa, aka fara ɗura man gyaɗa a jarka ana kai wa kantuna. Daga nan ta ajiye alli.

Ita ke zuwa kasuwar ƙauye ta zaɓo gyaɗa. Ita ke duba suya ta ce ta yi ko ba ta yi ba. Wayarta kaɗai masu kantuna suka sani. Kayan yajin kuwa, a ɗakinta take haɗawa, ta turo ƙofa, sannan ta fito da shi a kwano rufe. Ba rowa ke sa ta ba. Haka ta ga an yi a gidansu, kuma ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta dalili ba.

A daminar shekarar 2021 likitoci suka ce akwai ƙari a cikinta, sai an yi aiki. Aka yi, aikin ya zo da gardama, ta yi sati uku a asibiti, sannan wata biyu a gidan yayarta a Hanwa, inda Malam Yusha'u ya karɓe wayarta ya kashe ya sa a aljihu. Kullum ta tambaye shi labarin aiki sai ya ce, "Ki ji da kanki tukuna."

Ranar da ta dawo gida ta tarar da bayan gidan a share tsaf, kaskon suya a kife, injin an lulluɓe shi da tsohon zane. Babu kowa.

Da la'asar Inna Atika ta shigo da ɗan kwanon fura. Bayan sun gaisa, Lauratu ta ce, "Inna, me ya faru?"

"Mun yi iya yinmu, 'yar nan. Gyaɗar da kika bari ta ƙare a sati biyu. Muka aiki Zinariya kasuwa, aka haɗa ta da wadda ruwa ya taɓa. Da muka matse, man ya fito da ɗaci. Na ce wallahi ba za a sa sunanki a jikin wannan ba. Na zubar, na ce kowa ta tafi gida."

"Ina suke yanzu?"

"Zinariya tana wanke-wanke a wurin wata mai abinci a Kwangila. Rauda tana gida. Sauran kowa da inda ta nufa." Inna Atika ta gyara mayafinta. "Ba ƙorafi na zo yi ba, ciwo ba wanda ya fi ƙarfinsa. Amma bari in gaya miki wata magana, ki yi haƙuri da ita. Shekara tara ina suya a gidan nan, har yau ban san yawan cittar da kike zubawa ba. Ban san sunan mutumin da kike sayen gyaɗa a wurinsa ba. Da kika kwanta, mu tara muka kwanta tare da ke."

Lauratu ta sunkuyar da kai. Abin da ya zo mata a rai shi ne amalanken nan da gutsattsarin injin mahaifinta. Ashe duk shekarun nan abin da ya gina take sake ginawa, har da kuskurensa na barin komai a kansa shi kaɗai.

Ta tattaro matan, aiki ya dawo, amma maganar ba ta bar ta ba. Wata rana ta kai man gyaɗa kantin Madam Euphemia Nwabueze a Sabon Gari, wadda tun farkon fara sana'ar take karɓar kayanta. Haifaffiyar Zariya ce, Hausa a bakinta kamar ta cikin ganuwa. Ta jawo mata kujera, suka zauna a bayan kanta, Lauratu ta zayyana mata komai.

Madam Euphemia ta ce, "Malama, wannan ciwon na yi shi. Lokacin da maigidana ya rasu ko makullin sito ban san inda yake ba. Abin da ke damunki ba a kanki aka fara ba, har suna gare shi a littafi, akwai masu koyar da maganinsa. Ni mastas na koma na yi a kan gudanar da kasuwanci, na Asabar da Lahadi. Ki je ki yi."

"Ni? Da na isa yin jika?"

"Ai ni da jikoki biyu na yi."

Ta yi kwana uku tana juya maganar kafin ta gaya wa mijinta. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana goge tsohon babur ɗinsa. Ta fara da kawo wa kanta uzuri: shekarunta arba'in da uku, rabonta da aji an fi shekara ashirin, kwamfuta ma da yatsa ɗaya take dannawa, mutane za su ce mai ƙuli me za ta yi da digiri na biyu.

Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Duk wannan kin faɗi abin da zai hana. Ban ji kin ce ba kya so ba."

"Ina so, Malam."

"To shi ke nan. Ni ritaya na yi, ba ni da aikin Asabar. Ni zan riƙa kai ki."

Cikin takardun neman shiga akwai inda aka ce ta rubuta dalilinta na son karatun da kuma burinta a gaba. Ta yi kwana biyu a kai. Ta cika shafi da manyan kalmomin Turanci irin waɗanda take ji a rediyo, na bunƙasa tattalin arzikin ƙasa da shiga kasuwannin duniya. Ta karanta wa Malam Yusha'u bayan sallar la'asar, tana fassara masa inda ya nema. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Ta yi kyau," in ji shi. "Wace ce ta rubuta?"

"Kamar yaya? Ni ce mana."

"Maman Bahijja, a bakin gidan waya na rubuta wa mutane wasiƙu sun fi dubu. Mutum zai zo ya ce in rubuta yana gaida kowa da kowa, ana ruwa, gero ya yi kyau. Sai na ajiye biro na ce, to me ya kawo ka? Sannan zai ce ɗansa yake so ya dawo gida. Wannan takardar taki duk gaisuwa ce. Ban ga Inna Atika a ciki ba."

Ta ji haushi, ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari bayan asuba ta yage shafin ta sake wani. Bai kai rabin na farko tsawo ba.

Ranar tantancewa malamai uku ne a teburi. Na tsakiya, wani mai furfura da ake kira Dakta Auwal, ya ɗaga takardarta ya ce, "Hajiya, yawancin waɗanda suka zauna a kujerar nan ƙarin girma suke nema a ofis, ko su canza aiki. Ke kuwa ke ce shugabar kanki. Wa zai ƙara miki girma?"

Ta ce, "Ba kowa, Dakta. Ina da mata tara da muke aiki tare. Na yi rashin lafiya wata uku, aikin ya tsaya cak, saboda komai a kaina yake. Ina so in koyi yadda ake gina sana'ar da za ta ci gaba da tafiya ko ba na nan. Ko na yi tafiya, ko na tsufa, ko na mutu."

"Nan da shekara goma fa, ina kike ganin kanki?"

Ta ce, "Ina so in ga ina zaune a gefe, ana yi ba a tambaye ni ba."

Ɗaya daga cikin malaman ta yi dariya, amma Dakta Auwal bai yi ba. Ya rubuta wani abu a gefen takardar, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Karatun bai zo mata da sauƙi ba. 'Yan ajin nasu ma'aikatan banki ne da na gwamnati, da yawansu sa'o'in 'yarta Bahijja, suna shigowa da kwamfutoci a jaka suna magana da gajerun kalmomin da ba ta san fassararsu ba. Mama suke ce mata. Satin farko ba ta buɗe baki ba. Sai ranar da wani malami ya yi tambaya a kan abin da ke sa kaya su lalace tsakanin manomi da mai saye, ajin ya yi tsit, ita kuwa ta ɗaga hannu ta yi bayanin gyaɗar da aka tara a buhu ba ta gama bushewa ba, da yadda ake gane ta da hanci tun kafin a kwance bakin buhun. Ta yi minti goma tana magana. Daga ranar, duk aikin rukuni sai an yi rububinta.

Kwas ɗin ƙididdiga kuwa ya kayar da ita. Da sakamako ya fito ta ga ta faɗi, ta fito ta samu Malam Yusha'u a inda ya saba jiranta, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da masu gadi, da rediyonsa da 'yar butarsa. Ta hau bayan babur. Sai da suka kusa gida ta ce, "Na faɗi ɗaya."

"Cikin nawa?"

"Cikin shida."

"To biyar ɗin fa, wa ya ci miki su?" Ya tsaya a wurin mai tsire ya saya mata na hanta, wanda ta fi so. Shekara ta zagayo ta sake kwas ɗin, ta haye da ƙyar.

Abin da ya fi yi mata wuya ba a aji yake ba. An ba su aikin gida: kowa ya zaɓi wani aiki a wurin sana'arsa, ya rubuta yadda ake yin sa daki-daki, yadda wanda bai taɓa gani ba zai iya bi ya yi. Ta rubuta yadda ake zaɓen gyaɗa, da yadda ake gane suya ta yi, da yadda ake matse tunkuza. Ta mayar da shi Hausa aka liƙa a bango. Inna Atika ba ta karanta boko, don haka Malam Yusha'u ya zauna ya kwafe mata nata da ajami, da rubutunsa mai kyau. Ta ɗauki Zinariya suka je kasuwar ƙauye sau huɗu, ta haɗa ta da mutanenta. Ta sayi waya ta aiki, ta damƙa wa Rauda, wadda ta fi kowa kaifin kai da iya magana da masu kantuna.

Saura kayan yaji. Ta yi sati guda shafin yana nan fari. Ranar wata Laraba ta fito da turmi da ma'auni tsakar gida, ta kira su duka, ta auna komai a gabansu tana faɗin sunansa da yawansa. Inna Atika ta leƙa kwanon ta ce, "Ashe kanumfari ne! Shekara goma ina cewa masoro." Aka yi ta dariya, ita ma ta yi, amma ranar ba ta iya cin abincin rana ba.

Bayan wata bakwai Rauda ta zo ta durƙusa ta ce mijinta ya kama mata wuri a Hanwa, za ta fara nata. Ta ajiye wayar aiki a kan tabarma. Lauratu ta ce Allah ya sa albarka, da murya wadda ita kanta ba ta gane ba. Ba a jima ba kantuna biyu na Kwangila suka daina kira. Da aka kawo mata ƙulin Rauda ta ɗanɗana, sai ta ji na kakarta ne sak.

"Ka gani ko?" ta ce wa mijinta. "Abin da na je makaranta na koyo ke nan. Na koyi yadda zan ba da abin hannuna."

Bai yi mata musu ba. Ya ce, "Da ciwo, na sani." Ya ƙyale ta.

Kusan shekara ba ta yi wa Rauda magana ba. Ko a biki suka haɗu, gaisuwa ce a tsaye. A cikin wannan shekarar ne Bahijja ta haihu a Bauchi, Lauratu ta tafi ta yi sati uku. Kullum wayarta na kusa da ita. Zinariya ta kira sau biyu, duka don ta yi barka ta tambayi mai jego. Da ta dawo ta tarar an kai kaya ko'ina a kan lokaci, har an gyara bel ɗin inji da ya tsinke. Ta yi murna, amma duk da haka ta ce wa Inna Atika, "Ko kewata ba ku yi ba." Inna ta ce, "Mun yi kewarki. Aikin ne bai yi ba."

Da lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo, ta zaɓi yin bincike a kan matan da ke sarrafa gyaɗa a Zariya, da abin da ke sa sana'arsu ta ɗore ko ta mutu. Dakta Auwal ne mai duba ta. Ya ce ta zauna da mata ashirin aƙalla, ta ji daga bakinsu. Ta yi sha tara. Ta ashirin ɗin ta san ko wace ce, ta yi ta ɗagawa, yau ciwon kai, gobe hadari. Ranar wata Asabar Malam Yusha'u ya fito da babur ya ce, "Hau mu je Hanwa. Ni zan tsaya a waje."

Wurin Rauda ɗaki ɗaya ne da rumfa. Mata uku na aiki, ɗaya da goyo. A bango Lauratu ta ga takarda an liƙa, an rubuta matakan suya da hannu, kusan kalma da kalma irin nata. Rauda ta fito daga rumfa hannunta duk mai, ta gan ta, ta tsaya kamar za ta koma.

"Anti... sannu da zuwa. Wallahi na so in zo, kunya ce ta hana ni."

"Tambayoyi na kawo, na makaranta," in ji Lauratu, ta zaro takarda.

Suka zauna a benci. Ta fara karantawa a bushe: yaushe kika fara, mutum nawa ke aiki, a ina kika koyi sana'ar. A nan Rauda ta ce, "A wurinki," sai hawaye. Ta ce matan nan uku duk mazansu sun rasu, 'yan unguwarsu ne, kullum suna roƙonta ta kai su gidan Anti, ta san kuma babu gurbi. Ta ce da ba a auna yajin nan a gabanta ba, da ba ta taɓa tunanin ita ma za ta iya riƙe wasu ba.

Lauratu ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta dubi jarkokin da ke jere a inuwa, ta ɗaga ɗaya ta kalli rana ta cikinta.

"Me kike yi wa man nan yake fita garau haka? Nawa bai kai shi ba."

Rauda ta share ido da gefen mayafi. "Kwana biyu nake bari ya kwanta, Anti, sannan in tace da farin yadi ninki uku. A gidanki sauri muke yi."

"Nuna mini."

Sun fi awa biyu a rumfar. Da ta fito, Malam Yusha'u ya yi abokai da masu shagon gefe, har an kawo masa shayi.

Ta kammala a shekarar 2024. A babi na ƙarshe na kundinta ta ba da shawarar masu ƙananan wurare irin nasu su haɗa kai su riƙa sayen gyaɗa tare tun daga gona, su kama sito ɗaya mai iska. Dakta Auwal ya rubuta a gefe da jan biro: wa zai fara? Ta ɗauki tambayar da gaske. Yanzu su bakwai ne a haɗakar, cikin matan da ta yi hira da su, kuma Rauda suka zaɓa ta shugabance su, Lauratu ce ta fara ɗaga hannu. Bara da kaka suka yi hayar mota suka tafi wani ƙauye a wajen Soba don su zauna da manoma. Rauda ce ta yi jawabi. Lauratu ta zauna a tabarmar mata tana ɓare gyaɗar da aka kawo musu ta baƙunta, wata tsohuwa a gefenta tana ba ta labarin irin da suke shukawa kafin zuwan na zamani, ja ne mai ƙananan ƙwaya, mai yawan mai. Ta tambaye ta ko har yanzu akwai mai shi. Tsohuwar ta ce akwai ɗan kaɗan a rumbunta, in za su jira a ɗebo musu. Suka jira.